Ƙwan da Ba a Yi wa Allura Ba

Tsiyau... tsiyau...

Umma ta banko ƙofar ɗakin Auta da tsintsiya a hannu.

"Ɓera ne ko aljani?"

"Ba komai, Umma..."

Tsiyau!

Umma ta jawo kwali daga ƙarƙashin gado. Fitila ce a kunne, da ɗan kofin ruwa, da ƙwai guda a kan tsumma. Ko fashewa bai yi ba, amma kuka yake daga ciki. Ikon Allah!

A jami'a Auta take aiki, inda ake neman rigakafin wani ciwon ƙirji mai ɗauke yara. A cikin ƙwai suke renon ƙwayar cutar. Sai ta haska ƙwai, jijiyoyinsa su bayyana kamar saiwar bishiya, ta soka allura, hannun nan ko rawa ba ya yi. Duk Litinin wani mai kaji ke kawo musu ƙwan da ya riga ya kwana goma a kwanci, kowanne da kwanan wata da fensir.

"Na mai kajin nan ne ko?" Umma ta haɗe rai. "Na faɗa miki, ban yi wahalar karatunki don ki ƙare a akurki ba! Ga abokin aikinki mai jar mota, shi ya ce min wannan ko sunansa bai iya rubutawa ba."

"Juya ƙwan, Umma."

Ta juya. Rubutun a karkace yake, amma yana karantuwa: Ban iya allura ba, ranki ya daɗe, amma na iya riƙon abu mai fashewa. Za ki aure ni?

"Na kasa soka masa allura," Auta ta ce, hawaye na zuba. "Kwana goma sha ɗaya ina juya shi, ban ba da amsa ba, ina jiran ki. Umma, shekara uku bai taɓa kawo min fasasshe ba. Mai jar mota kuwa, a gabana tiren ƙwai guda ya suɓuce masa, ya je ya ce laifin mai kaji ne don a kore shi."

Umma ta sake duban rubutun. Ƙwan ya motsa a tafinta, ɗan baki ya huda ɓawon. Auta ta kai hannu.

"Kul! Kada ki ɓare masa, zai fito da kansa. Duk bokonki ba ki san wannan ba?" Umma ta share ido da gefen zane. "Ki ce wa mai rubutun kazar nan ya zo gobe."

Da hantsi ya iso, ya durƙusa a tsakar gida, ɗan tsakon ya haye tafinsa ya yi barci.

"Amsata fa, Dakta?" ya ce a hankali.

"Ga ta nan a hannunka, masoyina. Kada ka matse."

Maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Maman Dakta, wai tsako kuka saya ne, ko suruki kuka yi?"