Kajin Kawu Waliyyu

Sau uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Aji huɗu na tsaya a firamare, kuma ko a gida ni ba mai magana ba ce. Amma da hannuna aka yi wani sashe na abin nan, shi ya hana ni yin shiru.

Kawu Waliyyu yayan Innata ne, dillalin albasa a Aliero. Da babana ya rasu shi ya ɗauko mu, ni da Inna. Yana da rufin asiri, amma ya ce ya gaji da durƙusa wa waɗanda ba su kai shi ba.

Abin da ya faru wurin boka daga bakinsa na ji daga baya, yana ihu. Da rana tsaka ya je wani daji bayan Gumbin Kure, wurin wani Ɗantsoho. Bukkar ba taga. An rataye ƙasusuwan kaji da zare tun daga rufi har ƙasa, suna kaɗawa ba iska. A tsakiya akwai turmi a kife, jini ya bushe a kansa ya yi baƙi.

"Mi kake so, Alhaji?"

"Kujera. Majalisar jiha."

"Ka san masu ɗori kan karya ƙafar kaza su ɗaure, in ta warke mai karaya shi warke. To, nau aikin juyin nasu ne. Kaza ta ci sauran tuwon mutum kwana bakwai, ka karya ta da hannunka."

"Kowane mutum?"

Ɗantsoho ya yi dariya. "Mai kwana gidanka. Ba a hawa kujera da ƙafar baƙo."

"Ƙafa ɗai?"

"Wagga kujerar, ƙafa ɗai."

Kawu bai tambayi abin da ta gaba za ta ci ba.

Ni aka ba kiwon kajin. Ya ce maganin baki ne, in riƙa ba baƙar kaza sauran kwanon ɗansa Usama. Rana ta bakwai Usama na tsaye a salla, sai aka ji ƙas! Ƙashin ƙwaurinsa ya huda fata ya fito fari. Masu ɗori uku suka ɗaure, yana sake ɓallewa. A watan Kawu ya ci zaɓe. Aka cika ƙofar gida da motoci, maroƙa tun daga Jega.

Bayan shekara uku ya so kwamishina. Ya ce in ba jar kaza sauran kwanon matarsa, Baba Gudiya. Rana ta bakwai na koma ɗauko kwano, na hango shi ta ramin zana ya riƙe kazar. Ya yi bismillar da ba ta Allah ba, ya murɗe wuyan. Nan take na ji taɓarya ta faɗi a tsakar gida. Baba Gudiya na kwance kusa da turmi, fuskarta na kallon bayanta, idonta a buɗe. Usama da ya rarrafo ya gani bai sake gane kowa ba. Har yau yana ɗaure a ɗaki, yana cizon hannunsa.

Ban faɗa wa kowa ba. Wa zai saurare ni a kan Kwamishina?

Bara aka ce sunansa ya shiga cikin waɗanda za a ba minista. Ya dawo da farin zakara, ya kira ni.

"Iklima, ɗiyata, wanga sauran Hamsatu za ki ba shi."

Hamsatu ita ce Innata. Ita ke wanke masa hula.

"To, Kawu," na ce, kaina a ƙasa.

Kwana bakwai ina cinye sauran Inna har in lashe kwanon. Zakara kuwa na ba shi abin da Kawu ya rage a tirensa: shinkafa, romo, ƙashin da ya tsotsa.

Ya karɓi takardar minista ranar Laraba. Ranar Alhamis da hantsi ya zagaya bayan zana da zakaran. Wannan karon ƙashin baya Ɗantsoho ya ce ya karya. Na ga ya ɗora shi a gwiwa, ya danna da hannu biyu. Ƙara biyu ce ta fito lokaci guda. Kawu ya ninke ta baya kamar kara, jini na fita ta hanci da baki, zakaran na shure-shure a kan ƙirjinsa. Nan ya yi ta tona asirin kansa, yana kiran Ɗantsoho, mutanen da suka zo murna duk suna ji. Kafin la'asar ba mota ko ɗaya a ƙofar gida.

Ku da ke ganin masu jiniya kuna cewa ina ma ni ne, ku ji tsoron Allah. Kujerar da aka nema ta wannan hanya ba ta ƙoshi, kuma daga cikin gida take ci. Ni ma ban fita da tsabta ba. Na san abin da nake zuba wa zakaran nan, kuma zan amsa tambaya a kansa.

Washegarin ranar da safe na dama kunu na kai wa Kawu, don Inna ta kasa shiga ɗakin. Ba abin da ke motsi a jikinsa sai ido da baki. Ya dube ni.

"Kwanon wa kika ba shi?"

"Naka, Kawu."

Na hura cokalin ya huce, na kai bakinsa.