Fayil Ɗin Hamid

Ranar Litinin da hantsi aka tura Sufeto Pindar wani ofishin lauyoyi a GRA, wai an yi sata. Da ya ji sunan mai ofishin sai ya ja tsaki. Barista Safinatu Gana ce, wadda 'yan caji ofis suke kira lauyar 'yan ta'adda.

Ya duba ƙofa, ba a ɓalle ta ba. Kwamfuta na nan bisa tebur.

"Me aka ɗauka?"

"Fayil guda," in ji ta. "Na Hamid, dillalin shanu daga Gwange. Ana tuhumarsa da kai wa 'yan daji abinci. Takardar asibiti na ciki, wadda ta nuna yana kwance a ranar da aka ce ya kai abincin. Jibi za mu shiga kotu."

"Barista, ba kya jin kunyar tsaya wa irin waɗannan?"

"Kotu ta same shi da laifi ne, Sufeto?"

Ya juya ga Alfred, akawun ofishin.

"Ranar Juma'a wa ya zo?"

"Ba kowa, yallaɓai."

Pindar ya buɗe littafin baƙi, ya tura masa. "Aljani ne ya sa hannu nan?"

Alfred ya fara zufa. Ya ce wani ne mai suna Umara, yayan Hamid. Ya bar shi zaune ya je cin abinci, tsoron kora ya sa ya ɓoye.

A Gwange, Rahmat matar Hamid ta amsa masa daga bayan labule.

"Yaya? Ai maigidana ne babba a gidansu. Umara dai abokin sana'arsa ne, shi ya kai ƙararsa. Tun da aka kama maigida, turken shanunmu yana hannunsa."

Pindar ya sami Umara a kasuwar shanu, yana kishingiɗe bisa buhunan dusa.

"Sannu da aiki, yallaɓai! Kar ku bari lauyar nan ta fitar da ɗan ta'adda. Irin su ai ba su cancanci lauya ba."

Ɗazu-ɗazu Pindar ya faɗi kusan haka. Jin maganar daga wannan bakin sai ta yi masa ɗoyi.

"Ka san ofishinta?"

"Wallahi ban taɓa taka shi ba."

"To, rubuta min sunanka."

Umara ya rubuta. Pindar ya ajiye littafin baƙi kusa da takardar. Hannu ɗaya ne, har da karkatacciyar wutsiyar harafin ƙarshe.

"Tashi daga kan buhun nan."

Ya ƙi motsi. Kofur ɗin da ya rako Pindar ya ɗaga shi. Ga fayil ɗin a ƙarƙashinsa, a naɗe cikin leda.

Umara ya durƙusa. "Yallaɓai, sharrin shaiɗan ne. Shanun nake so. Na zaci ba mai tsaya masa, can zai ruɓe."

"Wata goma sha huɗu mutum yana tsare saboda bakinka," in ji Pindar. Ya dube shi kamar ya taka kashin shanu. "Ka bar shaiɗan ya huta. Kofur, sa masa ankwa."

Aka ja shi ta tsakiyar kasuwa, dillalai na tofar da yawu. Pindar ya kaɗe dusar da ke jikin ledar, ya ce wa direba su fara biyawa ta GRA.