Mai Kawo Gas Ranar Alhamis

"Ba za a canza ba."

"Inna, ki saurare ni mana..."

"Na saurara. Kunne kaɗai ya rage min a jikin nan, shi ma so kike ki ce ya lalace? In dai ina numfashi a gidan nan, ba za a canza mai kawo gas ba."

Bilƙisu ta dubi surukarta, ta dubi fatura, wato takardar kuɗin wutar da ke hannunta, ta rasa wanda za ta fara yi wa kuka. Tun da aka ƙara kuɗin wuta a farkon shekarar nan ta 2018, albashinta na ɗan asibitin da take aiki ya koma kamar ruwa a kwando. Ga zafin Riyad ya kunno kai, zafin da in ka kashe na'urar sanyi minti goma sai ka ji kamar an saka ka a tanda.

Fiddausi ce ta zuga ta, 'yar ƙanwar babanta da ke aure a Ingila, mai son a san tana Ingila. Ta waya ta ce mata, "Mu a nan duk shekara muke canza kamfanin wuta da na gas, wanda ya fi sauƙi shi muke bi." Bilƙisu ta yi dariya kawai, don a nan kamfanin wuta ɗaya ne tal, babu inda za ka gudu. Amma gas fa? Ga sabon shago an buɗe a bakin layinsu na unguwar Shumaisi, har takarda sun zuro ta ƙarƙashin ƙofa, sun fi tsohon shagon araha, kuma ba sa ƙara komai don hawa bene.

"Inna, gas fa gas ne. Wutar duk iri ɗaya ce."

"A wurinki."

Inna Yagana ta juya fuskarta bango. Shekara talatin ta yi a ƙasar nan tana rainon 'ya'yan Larabawa, har yanar ido ta rufe mata gani, amma bakinta bai taɓa yin yana ba. Yau kuwa muryarta ta yi ƙasa.

"Ranar Alhamis Auta ke zuwa. Ki bar min ranar Alhamis ɗina, 'yar nan."

Bilƙisu ta ajiye faturar.

Auta shi ne Imran, mijinta. Shekara biyu kenan da rasuwarsa. Direban motar gas ne, babbar mota ta haye kansa a hanyar Kharj, aurensu ko shekara uku bai cika ba. Dangi sun yi ta kira daga Gusau ta dawo gida ta yi aure, ta ce ba za ta bar makauniyar tsohuwa ita kaɗai a bene hawa na uku ba.

Da yana raye, duk bayan mako biyu, ranar Alhamis bayan la'asar, shi da kansa yake hauro musu da tukunyar gas a kafaɗa. Ba ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar mutane. Sai ya ciro sifana ya buga a jikin tukunyar sau uku, biyu a jere, ɗaya bayan ɗan jinkiri. Tsokanarsa ce.

Alhamis ɗin farko bayan an binne shi, Bilƙisu tana zaune cikin takaba, sai ta ji shi.

Ƙwal-ƙwal... ƙwal.

Ta kusa shiɗewa. Inna kuwa daga kan dardumarta ta ɗaga kai ta ce, "Sannu da zuwa, Auta." Da aka leƙa, babu kowa, sai cikakkiyar tukunya a bakin ƙofa, an goge mata ƙura tsaf, an ɗaura sabuwar robar baki a wuyanta da zare, yadda Imran yake yi.

Tun daga ranar haka ake. Ta fitar da tukunyar da ta ƙare, ta ƙulle kuɗin a leda ta ɗaura a hannunta, ta rufe ƙofa. Mai takaba ba ta tsayawa da namiji, to da takabar ta ƙare ma ba ta buɗe ba. Ta gaya wa kanta yaran shagon ne suke girmama marigayi. Amma tsakani da Allah, tsoro take ji: in ta buɗe, ta san ba shi za ta gani ba.

Kuma ga wani abu da ba ta taɓa gaya wa ko Fiddausi ba. Da zafi ya tsananta a shekarar farko, ta fara ajiye gorar zoɓo mai sanyi kusa da tukunyar. Gorar takan dawo a wanke, wani lokaci da dabino cike a ciki. Ranar Alhamis kuma, kun san mata, sai ta tsinci kanta tana saka kwalli. Don wa? Don ƙofa?

Washegarin rigimar, da ta taso daga aiki, ta gyara abayarta ta biya ta tsohon shagon. Niyyarta ta sallame su cikin mutunci, in ya so ta roƙi sabbin su riƙa bugawa sau uku saboda Inna.

Mai shagon, wani Basudane mai furfura, ya gane ta nan take.

"Matar Imran. Allah ya ji ƙansa. Lafiya, 'yar'uwa?"

"Na zo in yi godiya ne, in kuma ce a daina kawo mana gas. Abubuwa sun yi tsada."

Mutumin ya dube ta da mamaki.

"A daina? Wa yake kawowa?"

"Yaranku mana. Duk Alhamis biyu."

"Wallahi, tun makon da Imran ya rasu babu motata da ta shiga layinku. Na ɗauka kun koma Najeriya."

"To... wa yake bugawa?"

"Bugawa?"

Ta juya kawai. Ta fito, rana tana dukan kwalta, amma ita sanyi take ji har cikin ƙashinta. Tana hawa benen gidansu tana jin kamar ana biye da ita, taki ɗaya bayan nata. A hawa na biyu ta tsaya ta waiga. Babu kowa sai warin gas kaɗan-kaɗan, irin wanda yake manne a rigar Imran.

Kwana shida ta yi ba ta gaya wa kowa ba. Tana girki, ta dubi shuɗiyar wutar nan, sai ta tambayi kanta: Shekara biyu da wutar wa take dafa abinci? Ta yi addu'o'in da ta sani, ta kunna karatu a waya, amma can ƙasan zuciyarta wata murya tana cewa, in ma shi ne, me ya yi miki?

Alhamis ta zo. Ta nemi izini ta dawo da wuri, ta fitar da tukunya da gorar zoɓo, ta tsaya a bayan ƙofa, tafinta a kan mariƙin. Aka idar da la'asar a masallacin layi. Sai ta ji takun mutum mai ɗauke da nauyi. Ya tsaya a hawa na biyu ya huta. Ya ƙaraso. Ƙarar ajiye ƙarfe a kan siminti.

Ƙwal-ƙwal... ƙwal.

"Sannu da zuwa, Auta," in ji Inna daga ɗaki.

Bilƙisu ta yi bisimilla ta fizge ƙofar.

Dogon mutum ne, ya rame, zufa ta jiƙa farar rigarsa, sifana a hannu. Ya ja da baya har ya kusa faɗawa matakala.

"Malam Badamasi?"

"Amarya..."

Haka yake kiranta tun ranar biki, don shi ne babban abokin ango, tare suke aikin gas da Imran. Rabonta da shi tun ranar ta'aziyya, da ya zauna a bakin ƙofa kansa a ƙasa, ya tashi ya ɓace. Ta daɗe tana jin haushinsa.

Ta jawo ƙofar a bayanta don kada Inna ta ji.

"Kai ne? Shekara biyu kai ne?"

"Ni ne."

"Ka san abin da ka yi min? Kwana shida ban runtsa ba. Na ɗauka..."

"Ki yafe min. Ban yi don in tsorata ki ba."

"To don me? Mai shago ya ce ka bar aikin."

"Na bari. Na canza kafili, wato ubangidan da ke riƙe da takarduna, yanzu tuƙi nake yi wa wani gida a unguwar Nasiriyya. Yammacin Alhamis kawai suke ba ni, sai in sayo in kawo." Ya juya sifanar a hannunsa. "Ranar da abin ya faru, Amarya, layina ne. Hanyar Kharj tawa ce. Zazzaɓi nake yi, ya ce in kwanta, shi zai je. Ya karɓi mukulli yana min dariya, ya ce in ya makara in kai wa Inna gas, kada in manta da bugawar."

Hawaye suka zubo masa, bai share ba.

"To ya makara. Ni kuma ban san ranar da zan daina ba."

Bilƙisu ta jingina da bango. Duk haushin da ta tara ya narke.

"Me ya hana ka magana ko sau ɗaya?"

"Da wane baki? Mutumin da ya kamata a ce shi aka binne?" Ya sunkuyar da kai. "Da farko don shi nake zuwa. Daga baya, da zoɓon ya fara fitowa... Allah ya sani na yi ta istigfari. Sai in tsaya a nan ina jin motsinki a bayan ƙofa, in kasa tafiya."

"Ni ma ina jin numfashinka," ta faɗa a hankali, kafin ta san ta faɗa. Ta rufe baki da gefen mayafi.

"Bilƙisu..."

Karo na farko kenan da ya kira sunanta.

"Kada ka ƙara. Inna ta ɗauka ɗanta ne ke zuwa. Da shi take rayuwa. In ta san kai ne, ranar za ta binne shi a karo na biyu, ni kuma ba zan iya ba. Ka tafi, Malam Badamasi. Ka ci gaba da bugawa, ni kuma ba zan sake buɗewa ba."

"Sai ku gama raɗe-raɗen ku shigo, sanyin na'ura yana fita, wuta ta yi tsada."

Suka daskare. Ƙofar ta buɗe, ga Inna Yagana tana dafe da bango, fararen idanunta suna kallon sama da kawunansu.

"Inna, mai gas ne, yanzu zai..."

"Badamasi ne. Ɗan gidan Maiwada na Talatar Mafara. Shigo, ɗan nan, ka sha zoɓonka a zaune yau."

Badamasi ya durƙusa a wurin. "Inna, kin sani?"

"Ni na haifi Auta. Matakala bibbiyu yake haɗawa, bai taɓa tsayawa hutu a hawa na biyu ba. Tun ranar farko na sani." Ta laluba ta dafa kansa. "Kuma a ina ka taɓa jin mamaci ya sha zoɓo har ya wanke gora?"

"To me ya sa kike amsa masa da Auta?" in ji Bilƙisu, kuka ya ci ƙarfinta.

Tsohuwar ta juyo wajen muryarta.

"Duk mako biyu, in ƙarfen nan ya yi ƙara, ina samun ɗana na tsawon numfashi ɗaya. Na san ƙarya ce, amma ina so. Wannan nawa ne." Ta ja hanci. "Sauran kuma naki ne. Kin ƙi komawa gida saboda ni, kin ƙi kowa saboda ni. Ina kwance ina jin ƙarar kwalbar kwallinki duk Alhamis. Na ce in na bari aka canza mai gas, yarinyar nan za ta tsufa a kaina. Shekara biyu ina jira ki buɗe ƙofa, ke kuma taurin kai kamar na uwar mijinki."

"Inna, ni ne silar..." Badamasi ya fara.

"Kul. Kai ne ka rubuta masa kwanansa? Tashi. In kana son ka biya ni, ka turo manyanka."

Bayan babbar salla aka ɗaura auren a masallacin layin, kawun Bilƙisu ya wakilta wani dattijo ta waya daga Gusau. Fiddausi ta yi ta cika baki wai shawararta ce ta kawo mijin. Badamasi ya ce ba zai raba Inna da ɗakinta ba, shi ya tare a gidan. Inna da bakinta ta ce a koma sabon shagon mai araha, tunda yanzu akwai namiji a gida, kuma ta gargaɗe su kada yaran shagon su buga komai, su danna ƙararrawa kamar kowa.

Alhamis ɗin farko bayan biki, su ukun suna zaune a falo, shayi yana kan wuta. Aka sallame la'asar a masallaci. Hira ta mutu da kanta. Badamasi ya ajiye kofinsa, Bilƙisu ta tsayar da numfashi, Inna ta karkatar da kunnenta wajen ƙofa.

Suka jira. Babu taku a matakala. Babu ƙarar ƙarfe.

Can Inna ta sauke ajiyar zuciya, ta laluba ta kamo hannun Bilƙisu, ta ɗora shi a kan na Badamasi.

"Ya tafi," ta ce. "Allah ya ji ƙanka, Auta. Ka huta, an karɓe ka."