Waɗanda Aka Ce Su Jira

Da la'asar sakaliya Abdulghani ya shigo shagon Nomau a wani lungu bayan kasuwar Bab Makka ta Jidda, rungume da leda. Direba ne a gidan wani Bature injiniya, Bahaushen Sudan haifaffen Jidda, Hausarsa rabi Larabci. Nomau kuwa tela ne, mutumin Ƙonni, ya yi suna wajen ɗinkin hannu wanda ba a ganin zarensa.

"Ya zol, aikin gaggawa ne," in ji Abdulghani. "Kafaɗa ta farke. Gobe maigida zai sa ta."

Ya zaro wata tsohuwar rigar soja mai ruwan ƙasa, mai nauyi, da maɓallan tagulla.

"Ta kakansa ce. Kyaftin ne a rundunar sojan ƙasa ta gundumarsu can Ingila. Duk shekara Turawan kamfaninsu suna taruwa, su liƙa jan fure a ƙirji, su yi shiru don tunawa da sojojinsu. Wai kakan har Hausa yana ji. A yaƙin Bama an ba shi 'yan dako Hausawa ya shugabanta."

Nomau ya tuna wani tsoho a kasuwar Illela, wanda aka ce daga Bama ya dawo. Ba ya magana da kowa, kuma da hadari ya haɗo sai ya hau rawar jiki.

"Bayan isha'i ka dawo," ya ce.

"Halas, shi ke nan."

Aikin bai yi wuya ba. Ana kiran magariba ya kusa gamawa. Maƙwabta suka fara sauke ƙofofinsu na ƙarfe, shi ma ya ja tasa zuwa rabi, da niyyar ya ƙulle zare ya bi sahu. Ya ƙulle. To, al'adarsa ce in ya gyara kafaɗa sai ya zura rigar ya ga yadda ta zauna. Ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan, ya juya ga madubi.

Fanka ta tsaya.

Bab Makka ba ta shiru, ko lokacin salla: hon, kukan kyanwa, ƙarar amalanken masu dabino. Yanzu babu ko ɗaya. Sai ɗigar ruwa a kan ganye, ɗis, ɗis, alhali babu bishiya a lungun nan.

Ƙamshin turare da soyayyar sambusa da ke shigowa daga titi ya ɗauke. Wani wari ya maye gurbinsa. Taɓo, ruɓaɓɓen ganye, da miki wanda ya daɗe ba a wanke ba.

Sanyi ya taɓa idon sawunsa. Ya duba ƙasa. Ruwa ne, ja, mai laka, yana gudu a hankali kamar bakin kogi.

Ya ɗaga ido ga madubi.

Suna zaune a bayansa, sun jingina da bandiran yadi. Maza ne ramammu, ba riga, wasu da faffaɗar hular soja, ƙafafunsu naɗe da tsumma. Wani yana da zanen Gobirawa a kumatu. Ba fuskarsa suke kallo ba. Rigar suke kallo.

"Ranka ya daɗe," wata murya ta raɗa. "Ka dawo."

Nomau ya buɗe baki. Sauran muryoyin suka riga shi.

"Ka ce masu rauni su jira a bakin kogi."

"Ka ce za ka turo kwalekwale."

"Mun jira, Kyaftin."

"Ruwa ya zo. Kwalekwale bai zo ba."

Maɓallin ƙasa ya shige raminsa da kansa. Na sama da shi ya bi. Ɗaya bayan ɗaya suka hau, har na wuya ya ɗame masa maƙoshi.

"Yanzu kai ma ka jira."

Ya yi yunƙurin gudu. Ƙafafunsa sun kafe cikin taɓo. Ruwa ya kai gwiwa. Ya nemi Ayatul Kursiyyu, harshensa ya yi nauyi kamar dutse. Ruwa ya kai ƙugu.

"Ba ni ba ne!" Da ƙyar ta fito. "Nomau ne! Tela, mutumin Ƙonni!"

Ɗigar ta tsaya.

Mai zanen ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. A madubi Nomau ya ga ya matso, ya sunkuyo, ya sansana bayan wuyansa. Numfashinsa sanyi ƙalau.

"Wannan namu ne," ya ce wa sauran. Sannan, dab da kunne: "Ina mai rigar?"

"Ya mutu tun tuni."

"A gadonsa?"

"Ban sani ba."

"Ya bar jini?"

Nomau ya gane inda tambayar ta dosa. Sau ɗaya ya taɓa ganin Baturen, mutum mai fara'a da ya yi masa sallama da karyayyen Larabci. Ya datse haƙora.

Ruwa ya kai ƙirji.

Ya kai haɓa.

Ya ɗanɗani laka a leɓensa.

"Jika!" ya ce. "Akwai jika. Gobe zai sa ta. Za su tuna da sojoji."

"Har da mu?"

"Ban ji an ce ba."

Ba su yi ihu ba. Dariya suka yi, ƙasa-ƙasa, irin ta wanda ya daɗe da sanin amsa.

Amma wuyan rigar bai saki ba. Idanunsa suka fara duhu. Ya lalubi tebur ƙarƙashin ruwa, yatsunsa suka ci karo da almakashi. Ya datse maɓallin wuya, ya datse na ƙirji, ya fizge sauran, ya zame daga cikin rigar, ya yi nutso, ya rarrafa ta ƙarƙashin ƙofa.

Titi a bushe yake. Mutane na dawowa daga masallaci. Suka tsaya suna kallon tela kwance yana aman jan ruwa, jiƙe sharkaf da taɓo, da matsattsaku manne a ƙaurinsa ta sha jini ta kumbura.

Da Abdulghani ya dawo, Nomau ya riƙe masa hannu. "Don Allah kar ka kai masa. Ka ƙona ta. Ko ka ce ya nemi sunayen 'yan dakon nan ya ambata."

"In ce masa me, aljanu? Kafilina ne fa, shi ya tsaya mini a hukuma, ya zol. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take."

Ya shiga shagon shi kaɗai. Daɓe a bushe, fanka na juyawa. Rigar tana kan tebur a ninke, babu ɗigon ruwa. Maɓallan duk suna wurinsu, an ɗinke su da wani baƙin zare mai kauri wanda Nomau bai taɓa saya ba.

Wani malami a unguwar Waziriyya ya ce masa matattu ba sa dawowa. Aljanun kogin ne suka ji kukan bayin Allah, suka riƙe shi. Nomau ya yi sadaka da sunan mutanen da bai san sunansu ba, kuma daga ranar bai ƙara zura rigar wani a jikinsa ba. Sai dai sadakar ba ta goge masa kalmar nan ta "jika" da ya furta ba.

Bayan 'yan kwanaki Abdulghani ya zo, idanunsa sun faɗa. Ya ce maigida ya sa rigar, an miƙe an yi shiru. Da shirun ya ƙare kowa ya zauna, shi bai zauna ba. An yanke rigar a asibiti, amma har yanzu bai motsa ba.

"Likita ya kira ni in fassara. Magana yake yi da Hausa, ya Nomau, irin ta tsofaffi. Mutumin da ko sannu bai iya ba."

"Me yake cewa?"

"Ku turo kwalekwale. Ita kaɗai, ba dare ba rana. Kuma jikinsa a jiƙe yake. Su goge, ya sake jiƙewa."

Nomau ya ajiye allura. "Ruwan ya kai masa ina?"

Abdulghani ya ɗora hannu a gwiwarsa. "Jiya nan."

Sannan ya ɗaga hannun a hankali, ya tsayar da shi a ƙirji.