Mai Gargaɗin Gidan Moumouni

Ana kiran magariba a unguwar Sukra ta birnin Sabha dutse na fari ya faɗo a kan kwanon ɗakin Djamilatou. Mahaifiyarta Safoura ta leƙa waje, ta ga babu yaro ko ɗaya a lungun. Mai gidan, Moumouni, mijin Safoura, direba ne, ya fi zama a sahara bisa zaman gida, don haka su biyu suka tsaya suna kallon juna. Sai wata murya ta fito daga gindin garu, a shaƙe, ta ce, “Gas zai fashe.”

Suka duba tukunyar gas, lafiyarta lau. Kashegari da magariba muryar ta ce akwai kunama a takalmi. Ranar da ta biyo ta ce rufi zai rufto. Ba a taɓa samun komai ba. Safoura ta gaji, ta toshe kunne, ta kama salatinta.

Djamilatou ce ta kasa toshe kunne. Aikinta a kwamfuta yake, tana gyara wata manhaja da ke karanta rubutun masu haɗa manhajoji tana yi musu kashedin kuskure tun kafin a kunna. Manhajar ta cika ƙararrawar banza, har masu amfani da ita sun fara watsi da ita. Aikin Djamilatou shi ne ta bi kowane kashedi har tushensa, sai ta tabbatar ƙarya ne sannan ta rufe masa baki. Abokan aikinta suna wasu ƙasashe, ba ta taɓa jin muryar ɗayansu ba, a Sabha kuwa ba ta da ƙawa. Hali zanen dutse: duk abin da muryar ta faɗa sai ta tashi ta zazzage takalmi, ta shafa garu, ta dawo ta ce da iska, “Na duba, babu.” Wannan amsawa ita ta ja mata.

Ta bar cin abinci, ta rame. Wata magariba Safoura ta same ta zaune a tsakar gida, ido a kafe, tana jero masifu da muryar tsoho. Tsoro ya kama uwar sosai, ta aika garin Tamanhint aka ɗauko Malam Siradji.

Malam ya turara habbatus-sauda, ya yi ta karatu har yarinyar ta fara karkarwa.

“Wane ne kai, mi kake nema ga ɗiyar mutane?”

“Mai tsaron rijiya ne, can bayan garin Zighan,” in ji muryar. “Ayari na yi wa gargaɗi. Rijiya ta ƙafe, motoci ba su tsayawa. Na yi ta faɗa wa rairayi.”

“To ƙarya ce ta kawo ka?”

“Ban iya ƙarya ba, Malam. Ina ganin duk abin da zai iya faruwa, ban san wanda zai faru ba. Kowa ya kore ni. Ita kaɗai ke dubawa.”

“Dubawar ce ke kashe ta. Fita.”

Muryar ta yi ƙasa. Aljanin ya roƙi a bar shi magariba ɗaya a mako, Malam ya ƙi. Ya roƙi a bar shi a gindin garu ba zai yi magana ba, Malam ya ce bakinsa ba ya shiru, shi ma ya sani. Daga ƙarshe ya ce, “To a ce mini na taɓa yin daidai, ko sau guda.”

Safoura ta buɗe baki za ta faɗa masa haka, Malam ya ɗaga mata hannu. “Ba mu sallamar ka da ƙarya. Ka yi nufin alheri, wannan mun shaida. Tahi.”

Djamilatou ta yi atishawa sau uku, ta zube.

Ta warke. Ta ƙarasa gyaran, manhajar ta rage surutu, aka aiko mata da gajeren saƙon godiya. Gidan ma ya yi tsit. Wata magariba Safoura ta tarar da ita a tsakar gida tana hawaye, ta ce cikin firgici, “Ya dawo ne?”

“Bai dawo ba, Inna. Tun da muka zo garin nan, shi kaɗai ne baƙon da ya taɓa jin tsoron kada wani abu ya same ni.”