Butar da Ke Cikin Waya

Da safe Talatu mai shara ta buɗe ɗan gidan tarihin Malam Kalilu da ke kusa da rijiyar Kusugu, ta tarar babu butar tagulla ta kakansa. Sai alamar da ke manne a gaban mazauninta, wani murabba'i mai zanen baƙi da fari.

Sufeto Sha'aban ya duba ƙofa, ba a fasa ba. Malam Kalilu a Sandamu ya kwana wurin ta'aziyya. Saura masu mabuɗi biyu, Talatu da Hafizu.

Hafizu, mai zagayawa da baƙi, ya miƙo wayarsa. "Ranka ya daɗe, ga bidiyon da na ɗauka jiya kafin in rufe."

Ga buta kuwa a bidiyon tana ƙyalli. Idanu suka koma kan Talatu.

"Wallahi ban taɓa ta ba," ta ce.

Amma Sufeto ya ga wani abu ya gifta a bidiyon. Ya sa aka kira Fadila, 'yar Malam Kalilu, wadda ta haɗa manhajar da baƙi ke haska alamar da ita.

"Yaya take aiki?"

"Kyamara takan nemo kusurwoyi huɗu na alamar, Yallaɓai. Da su take gane nisan wayar da karkatarta, sai ta ɗora siffar butar daidai wurinta, baƙo ya juya ta ya karanta rubutun gindinta."

"In kusurwa ɗaya ta ɓuya fa?"

"Sai siffar ta ɗauke."

Sufeto ya mayar da bidiyon baya, ya rage masa gudu. Hannun rigar Hafizu ya rufe gefen alamar. Buta ta yi ɓat, mazaunin fayau, sannan ta dawo.

"Butar gaske ba ta ɓacewa don riga ta taɓa takarda, Hafizu. Siffar manhaja ka ɗauka. Ka riga ka kwashe ta, ka shirya wannan don laifin ya faɗa kan wadda za ta buɗe."

Hafizu ya sunkuyar da kai. A buhun gero aka sami butar a ɗakinsa, tana jiran dillali.

Malam Kalilu ya rungume butar yana hamdala, ya roƙi Talatu ta yafe zargin.

Ita kuwa ta durƙusa, ta kama hannun Fadila, ta dubi Sufeto.

"Allah ya rufa muku asiri yadda kuka rufa mini. Yau zan shiga unguwa kaina a ɗage."