Kwalbar da Kudus Ya Riƙe a Osaka

"Kalli nan, Kudus! Hannun waye wannan?"

Zalia ta kai masa wayarta har dab da hanci, a nan bakin benensu na unguwar Morrisania. Ko ledar tsarabar da ya riƙo ba ta kalla ba.

A hoton, shi ne zaune cikin wata 'yar mashaya da ba ta fi shagon aski ba, baki har kunne, ya kama kwalba hannu bibbiyu yana tsiyaya wa wani tsoho.

"Nawa ne, Zali. Amma tsaya ki ji..."

"In ji me? Saura wata biyu ɗaurin aurenmu, ka rasa abin da za ka sa a waya sai wannan? Har group ɗin 'yan masallaci ya shiga! Tun jiya Baba bai sa komai a bakinsa ba!"

Shi fa Kudus ba mashayi ba ne, wannan ko ita za ta rantse. Tsiren kaza yake gasawa a wani gidan abincin Japanawa a Manhattan, mai gidan ya ga hannunsa ya faɗa, ya tura shi birnin Osaka, can ƙasarsu, sati uku ya ƙaro ilimi. Ai kuwa tunda ya sauka can bai bar kunnenta ya huta a waya ba. Kullum labarin lungunan nan ne matsattsu, jajayen fitilun takarda, hayaƙin gawayi, kowace ƙofa ka tura kujera shida ce ko bakwai. A dare ɗaya sai ya shiga biyar yana leƙen yadda ake juya tsinke. Ita kuma daɗin muryarsa ya ɗauke ta, ba ta taɓa tambayar me ake sha a wuraren ba. Yanzu har haushin kanta take ji.

"Wallahi shayi mai sanyi na sha," ya ce. "A can mutum ba ya zuba wa kansa, ƙarami ne ke cika wa babba kofi. Tsohon nan shi ya koya min komai. Daren da zan taho ya miƙo min kofinsa a gaban ma'aikatansa. In na ƙi, kamar na wanka masa mari ne."

"To ka zuba, dole ne sai duniya ta gani?"

"Hoton malamina na sa... ni ban ma lura da kwalbar ba."

Kai, wannan mutum zai kashe ta! Ta dafe kai, ta sassauta murya.

"Masoyina, ji nan. In mun hau, ka ce shayi ne a ciki. Wa ya iya karanta rubutunsu?"

"Ba zan yi wa mahaifinki ƙarya ba."

"Ko don ni?"

"Musamman don ke."

Ta yi tsaki ta wuce gaba, tana taka matakala kamar da ita take faɗa.

Alhaji Barmo, mahaifinta, yana zaune a falo da carbi a hannu. Kudus ya durƙusa ya gaishe shi, amsar ba ta fi kalma biyu ba.

"Me ke cikin kwalbar?"

Zalia ta kafe Kudus da ido, tana roƙonsa ba da baki ba.

"Giya ce, Baba. Ban sha ba, amma ni na zuba."

"Ka san mai zubawa ma bai tsira ba?"

"Na sani. Na yi kuskure, ina ta istigfari."

"Allah Ya karɓa. Amma ni 'yata ba ta da miji a mashaya." Ya ɗaga murya. "Suweiba! A haɗa wa mutanen yaron nan goronsu da akwatunansu."

"Baba, don Allah!" Zalia ta zube a ƙasa. "Baba, ina son sa... wallahi ina son sa!"

Ko kallonta bai yi ba. Ta rasa wanda za ta fi jin haushi, uban da ya ƙi saurare ko saurayin da ya ƙi jin maganarta.

Hajiya Suweiba, mahaifiyar Zalia, ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Mace ce da ba ta taɓa tanka wa mijinta a gaban yara ba.

"Alhaji, zan haɗa. Amma ka fara ba ni amsa. Da muka zo ƙasar nan, kana aiki a shagon bakin titin jirgi, wa yake jera kwalaben giya a firji?"

"Suweiba..."

"Wa yake sa wa mutane a takarda ya miƙa musu? Shekara tara! Kana dawowa ka wanke hannu har sai ya yi ja, ka tashi sallar dare kana kuka. Da wannan aikin aka sayi madarar yarinyar nan. Na gudu na bar ka?"

Zalia ta ɗago a hankali. Ita dai ta tashi ta ga Babanta direban tasi ne, ba wanda ya taɓa gaya mata wannan.

Carbin ya tsaya a hannun Alhaji Barmo. Ya daɗe yana kallon tafinsa, sannan ya dubi Kudus.

"A bar ranar auren yadda take. Kai sau ɗaya ka yi, yaro... kada ka kamo ni."

"In sha Allahu, Baba."

Zalia ba ta ko waiwayi Kudus ba. Ta rarrafa ta kama hannayen mahaifinta duka biyu, ta kifa fuskarta a cikinsu tana kuka.